Abin da guzan magudanar ruwa ya koya mini

Shekara bakwai ina ɗaukar hoton biki tsakanin Agege da Idi Araba, kuma aikin duk ba da umarni ne: amarya ɗago kai, ƙawaye ku matso, Alhaji kalli nan. Ana haka ɗan baffana da ke Landan ya turo mini hoton wata jar yanyawa kwance a lambun bayan gidansu. Can tun wajen shekarun 1930 suka fara shigowa birane, har sun saba da mutane. Tamu ta Arewa ƙarama ce, kalar yashi, rami take haƙawa, sai dare take fita. Ni da na tashi a Gumel sawunta kawai na sani.

Hoton ya tsaya mini a rai. A Legas ba yanyawa, amma Yaya yana gadi a wani gida a Ajah da ke jingine da fadama, kuma ya ce wani guza na shigowa ta magudanar ruwa.

Ranar farko ina hango shi na zabura da kyamara. Ƙarshen jelarsa kawai na samu. Yaya ya ce, "Ƙanena, wannan ba amarya ba ce. Zauna."

Sai da na yi asabar huɗu ina zama kafin na gane lokacinsa. Jikin guza ba ya ɗumama kansa, don haka da hantsi yakan baje a kan siminti yana shan rana, kuma kafin ya yi ɗumi ba shi da hanzari. Nan ne damata. Na koyi kwanciya rub da ciki don kyamara ta yi daidai da idonsa, na kashe filasha, na daina gyara zama. Daga taku biyar na ga ɗigon rawaya a bayansa, da harshen nan mai baki biyu yana fita yana komawa, da shi yake shinshinar iska. Maƙogwaronsa na motsi a hankali, sauro na cizona, ban ko motsa ba.

Kuskuren da har yau yake damuna shi ne ƙwai. Gaggawa ta sa na fara ajiye masa biyu a bakin magudana. Ya saba, ya daina tsoro, ya zarce akurkin maƙwabta. Yaransu suka fito da sanduna, da ƙyar Yaya ya ba su haƙuri, aka toshe magudanar da raga. Ni na jawo masa, don hoto.

Bikin da na yi bayan nan a Agege, ban ce wa kowa ya kalle ni ba. Na tsuguna a gefen tabarma kusan minti 20, har kakar amarya ta kama hannun jikarta tana duba lallen, bakinta na motsi da addu'a. Shi ne hoton da suka sa aka wanke musu babba.