Bashin manhajar waya

Ƙanina mai ɗinki a Jega ya ci bashin manhajar waya, kuɗin ruwa na hawa kamar gulbi da damina. Har surukarsa masu manhajar suka tura wa saƙo wai ɓarawo ne, abin kunya!

Na karɓi wayar na ce wa ma'aikacinsu, "Malam, uwar kuɗi za mu biya kashi-kashi duk ranar kasuwa. Ku tsayar da tarar jinkiri, ku turo mana yarjejeniyar a rubuce." Ya hau faɗa. Da na ambaci FCCPC, hukumar da ke musu rajista tun 2022, kuma take hukunta masu tozarta wanda ake bi bashi, sai ya sassauta. Rabin tarar kawai suka yafe, mun karɓa haka nan. Duk abin da aka biya, hoton rasit na wayata.