Hutu tsakanin gudu da gudu: inda muka kwana bayan mako goma a Katsina

'Yan'uwa masu koyon sassarfa, ga bayanin atisayen da muka yi na mako goma, daga ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar bazara. Tambayar da aka fi yi mana ita ce kwana nawa ya kamata a bari tsakanin fita da fita. Amsar tana rataye da abu uku: tsananin aikin jiya, daɗewar mutum a harkar, da zafin gari.

Mako na 1 zuwa na 3

Kwana uku a mako, Asabar da Litinin da Laraba, bayan sallar asuba, a wajajen filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Karkanda. Tafiya minti 5, sannan sassarfa minti 1 da tafiya minti 2, a maimaita sau 8, a rufe da tafiya minti 5. Jimla minti 34. Tsakanin kowace fita akwai cikakken yini guda na hutu, Alhamis da Juma'a kuma a haɗa biyu.

A mako na uku ne matsala ta fara ɓullowa, kuma kusan kowane sabon shiga yana faɗawa cikinta. Haki ya ragu, ƙirji ya buɗe, sai mutum ya ga ai zai iya fita kullum. Zuciya da huhu suna sabawa cikin 'yan makonni. Ƙashi da agara da jijiyoyin gwiwa kuwa watanni suke ɗauka, domin jini bai wadace su kamar yadda ya wadaci tsoka ba. Numfashi yana cewa a ƙara, ƙwauri bai shirya ba. Waɗanda suka mai da kwana uku ya koma shida su ne suka dawo da ciwon ƙwauri, wasunsu sai da suka ajiye kambas mako biyu. Sauri ya haifi nawa.

Ga yadda ake duba ƙwaurin. A zauna, a bi gefen ƙashin ta ciki da babban yatsa, daga idon sawu a yi sama. Idan zafin ya bazu tsawon tafin hannu ko fiye, gajiyar da kwalta ke jawowa ce: a bar gudu, a koma keke ko tafiya har ya lafa. Idan kuwa wuri ɗaya ne tak, faɗin kwandala, yana zafi ko ana zaune, kuma ba a iya yin tsalle da ƙafar, ana zargin tsagewar ƙashi. Wannan aikin likita ne, man zafi da gashi ba za su ɗinke shi ba.

Tsamin jiki dabam ne. Ba ya zuwa a ranar, sai washegari, kuma ya fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72. A cinya ake jin sa, wajen saukowa daga bene ko tasowa daga sujada. In ƙafafu biyu ne, kuma yana sakewa bayan tafiyar minti goma, ba ya hana fita mai sauƙi. In gefe ɗaya ne, a cikin gaɓa, yana ƙaruwa da tafiya, a koma gida.

Mako na 4 zuwa na 6

A nan muka raba fita gida biyu, mai sauƙi da mai tsanani, domin hutunsu ba ɗaya ba ne. Awon da ba ya buƙatar na'ura shi ne magana. Wanda zai iya gaisawa da abokin gudunsa, ya tambayi iyali, ya amsa, ba tare da numfashi ya yanke masa zance ba, yana cikin sauƙi. Wanda kalma biyu ko uku kawai ke fita kafin ya ja iska ya shiga tsanani.

Masu son lissafi su cire shekarunsu daga 220. Ɗan shekara 40 zai sami 180, wato kimanin iyakar bugun zuciyarsa a minti. Daga 115 zuwa 137 aiki ne matsakaici, daga 139 zuwa sama tsanani ne. Ƙiyasi ne kawai, mutum da mutum sun bambanta, amma ya isa a fara da shi. A tsaya, a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, a ƙirga na daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu. Kada a ƙirga da babban yatsan, shi ma yana da nasa bugun.

Aiki mai sauƙi barcin dare ɗaya ya ishe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani. Tafiya da sauri ta minti 30 kwana biyar ta cika 150 ɗin, kuma ana iya jera kwanakin babu fargaba. Mai tsanani kuwa awa 48 muke ba shi kafin a sake irinsa. Wanda ya haura shekara hamsin, ko mai nauyin jiki, ya bar awa 72.

Dalili ɗaya yana cikin abinci. Jiki yana ajiye sukarin gudu a tsoka, kimanin giram 400, da hanta, kimanin giram 100. Doguwar fita tana kwashe kaso mai yawa, mai da shi kuma yana cin kusan awa 24, shi ma in an ci abin da ya dace: tuwo, shinkafa, fura, dankali, kunu. Masu neman rage tumbi da suka daina cin tuwon dare gaba ɗaya su ne ke kukan ƙafa ta yi musu nauyi kamar an ɗaura bulo. Hutun kwana biyu da yunwa bai kai na kwana ɗaya da ƙoshi ba. Gyaran tsoka kuma yana son wake, ƙwai, nono ko kifi. Ƙosai da koko bayan fita ba abin rainawa ba ne.

Tun mako na huɗu kowa yake rubuta bugun zuciyarsa na asuba. Da farkawa, kafin a tashi alwala, a ƙirga na minti guda cur. Bayan kwana bakwai za a san lambar da jiki ya saba. Ranar da ta haura da bugu 5 zuwa 10, musamman in ta maimaita kwana biyu a jere, a soke aikin tsanani, a yi tafiya kawai. Sau da yawa wannan lamba tana riga zazzaɓi bayyana.

Mako na 7 da na 8

Mun shigar da gudun mita 400, wato zagaye ɗaya na filin tsere, sau 4, rana ɗaya a mako. Shi wannan yana da nasa hutun a ciki. In zagaye ya ci minti 2, a yi tafiya minti 2 kafin na gaba. A yi tafiyar, kada a zube ƙasa, domin tsayawa cak bayan gudu mai ƙarfi yana tara jini a ƙafafu ya kawo jiri. Idan saurin zagaye na huɗu ya yi ƙasa da na farko nesa ba kusa ba, ko dai an fara da wuta, ko hutun ya yi kaɗan.

Makon ya tsaya haka: Asabar doguwar sassarfa minti 45, Lahadi hutu, Litinin minti 25 a hankali, Talata mita 400, Laraba keke ko tafiya, Alhamis minti 30 a hankali, Juma'a hutu.

Abin da ya fi ɓata wannan tsari shi ne ƙwallon yamma. Matashi ya yi mita 400 da asuba ranar Talata, Laraba da la'asar ya buga awa ɗaya a filin unguwa, sannan ya rubuta Laraba a matsayin ranar hutu. Ƙwallo aikin tsanani ne, gudu da birki da juyi, a ƙirga ta a haka. Haka mai dako, da mai tura kurar ruwa, da wanda zai shiga huɗa idan damina ta faɗi: aikin yininsu yana cikin lissafi, ranar sauƙinsu ta zama hutu zalla. Turɓaya mai zurfi ma tana yaudara. Tana da taushi ga gwiwa, amma agara da sha-raɓa suna aiki ninki, don haka gudun yashi ya bi dokar awa 48. Burji mai laushi ya fi dacewa da ranakun sauƙi.

A mako na takwas an rage komai da kashi ɗaya cikin uku. Kowane mako na huɗu haka za a riƙa yi. Masu tsoron ƙarfinsu zai zube su kwantar da hankali, hutun kwana uku ko huɗu ba ya rage komai, sai an kai wajen mako biyu a zaune kafin juriya ta fara ja da baya.

Mako na 9 da na 10

Afrilu ya shigo, zafin rana yana haura digiri 40. A irin wannan yanayi jiki yana tura jini zuwa fata don ya huce, sai zuciya ta ƙara bugu a kan saurin da aka saba. Fitar da take mai sauƙi a watan Fabrairu yanzu tana iya shiga sahun tsanani, hutunta ma ya ƙaru. Sabo da zafi yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu, kuma a cikinsu mun ajiye mita 400 gaba ɗaya. Fita kuma sai a gama ta kafin hantsi.

A hau sikeli kafin fita da bayan dawowa, a tuɓe rigar da ta jiƙe. Kilo ɗaya da ya ragu ruwa ne lita ɗaya, ba kitse ba. A mayar da lita ɗaya da rabi, wato ledar fiya wata uku, a hankali cikin 'yan awoyi, tare da abinci mai gishiri. Fitsari fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske ya nuna ruwa ya koma. In ya yi duhu kamar baƙin shayi, ga tsoka ta kumbura tana ciwo fiye da kima, a wuce asibiti a ranar, ƙoda ce ke cikin haɗari. Saboda ƙodar ne kuma muke hana shan ibuprofen ko diclofenac don a danne ciwo a fita gudu cikin zafi.

Barci shi ne abin da bazara ta fi cinyewa. Baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9, amma daren da babu wuta, ɗaki kamar tanda, ga sauro a tsakar gida, da ƙyar ake samun biyar. Bayan irin wannan dare, aikin tsanani ya jira gobe. Mai zazzaɓin cizon sauro ko kowane irin zazzaɓi ba ya fita sam, maganar a fitar da shi ta gumi kuskure ce. Sai ya gama magani, jiki ya yi kwana biyu ko uku babu zafi, sannan ya fara da rabin abin da ya saba. Mai jinin AS ya tsawaita hutu tsakanin zagaye, kada ya yi gasa da kowa a cikin zafi. Mai sikila, da mai hawan jini ko ciwon suga, da duk wanda ya taɓa jin ƙirji ya matse ko jiri yana gudu, su ga likita kafin su bi wannan tsari.

Mako na 11 mita 400 zai dawo, sau 3 maimakon 4, da tafiyar minti 3 a tsakani. Asabar ta tsaya a minti 45 har ruwan farko ya sauka. Kowa ya zo da takardar bugun asubarsa.