Kifin Ado: Daga Tukwanen Ƙasar Sin Zuwa Ɗakin Gwaje-gwaje

A 'yan shekarun nan akwatin gilashi mai kifaye masu launi ya fara samun wuri a cikin birnin Katsina, ana ganinsa a zauren karɓar baƙi na otal-otal da wasu ofisoshi da falon gidajen masu hali. Yawancin masu tsayawa kallo suna ɗauka cewa haka aka kamo kifayen daga wani kogi mai nisa, alhali kuwa da dama daga cikinsu babu wani ruwa a duniya da ya taɓa haifar da su a wannan siffa. Hannun ɗan Adam ne ya siffanta su, wasu a tsawon ƙarnoni ta hanyar zaɓen iri, wasu kuma a cikin 'yan shekaru ta hanyar sauya ƙwayoyin halitta. Na lura mutanenmu sun fi jin tsoron hanya ta biyu, ni kuwa ina ganin ta farkon ma tana da tambayoyin da ya kamata ta amsa.

Kifin zinariya shi ne kakan wannan sana'a. Asalinsa wani kifi ne mai ruwan toka da mutanen Sin suke kiwo domin ci, sai dai lokaci-lokaci akan samu ɗaya ya fito ja ko ruwan ɗorawa, a ware shi a saka a tafkin ado. A zamanin daular Song an riga an mayar da wannan warewa sana'a, har ma aka hana talakawa ajiye mai launin rawaya saboda launin gidan sarauta ne. Babban sauyi ya zo a zamanin daular Ming, tsakanin 1368 da 1644, lokacin da aka ɗauke kifin daga tafki aka sa shi cikin tukwane a gida. A cikin tukunya babu babban kifin da zai haɗiye shi, abinci kuma yana zuwa ba tare da nema ba, saboda haka kifin da aka ƙyanƙyashe da jela biyu ko dunƙulallen jiki, wanda a kogi ba zai kai labari ba, sai ya rayu ya hayayyafa, mai kiwo kuma ya riƙa haɗa shi da irinsa. Aiki ɗaya ne da na mai kiwon raguna a ƙasar Daura da yake zaɓen balami mai tsawo da ƙira ya bar wa tumakinsa, sai dai kifi yana zuba ƙwai dubbai a lokaci guda, don haka abin zaɓa ya fi yawa.

Mutanen Japan sun yi irin wannan da wani kifin da ake kira koi. Manoman shinkafa na yankin Niigata ne suka fara ware masu launi a farkon ƙarni na 19, kuma sauran ƙasar ba ta san da su sosai ba sai da aka baje su a wani bikin baje koli a Tokyo a 1914. A 2018 an sayar da koi guda ɗaya, fari mai jan dabbare, a kan kuɗin Japan yen miliyan 203.

Inda abin yake damuna shi ne inda zaɓen ya wuce launi ya shiga ƙirar jiki. Akwai irin kifin zinariya da idanunsa suka fito waje, akwai wanda idanunsa suke kallon sama har abada, akwai kuma wanda ke ɗauke da wasu jakunkuna biyu cike da ruwa a ƙarƙashin idanu, waɗanda ƙaramin tsinke yana iya fasa su. An samar da waɗanda ba su da fiffiken baya, sai tangaɗi suke yi a ruwa, an kuma gajarta jikin wasu har jakar iskar da ke daidaita su takan samu matsala, ka ga kifi yana yawo ciki a sama. A Taiwan, wajen 1986, an haɗa jinsuna daban-daban aka samu wani jan kifi mai baki kamar na aku, wanda sau da yawa ba ya iya rufe bakin nasa. Duk wannan an yi shi ne da ido da haƙuri, babu allura babu na'ura, kuma ba kasafai ake jin wani ya ɗaga murya a kansa ba.

Labarin ɗaya hanyar, wato ta sauya ƙwayoyin halitta, gajere ne. A 1999 Dakta Zhiyuan Gong da abokan aikinsa a Jami'ar Ƙasa ta Singafo suka ɗauko ƙwayar halittar da ke sa wata halittar teku marar ƙashi ƙyallin kore, suka sanya ta cikin ƙwan wani ɗan kifi mai zane irin na jakin dawa. Burinsu shi ne samar da kifin da zai nuna alamar gurɓatar ruwa. Daga baya aka samu ja ta hanyar amfani da ƙwayar halittar murjani. Wani kamfani a jihar Texas ta Amurka ya sayi izinin sayar da shi da sunan GloFish, ya shiga kasuwa a ƙarshen 2003, bayan hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta ce ba ta ga dalilin sa masa takunkumi ba. Jihar Kalifoniya ta hana sayar da shi har zuwa 2015, Tarayyar Turai kuwa ba ta amince da shi ba. Kifin ba ya samar da haske da kansa, launinsa ne yake ƙyalli idan aka haska masa shuɗiyar fitila, kuma 'ya'yansa suna gadon launin, ba kamar kifayen da wasu 'yan kasuwa suke tsira wa rini da allura ba, wanda zalunci ne tsagwaronsa.

Batun ko ya halatta a taɓa ƙwayar halittar dabba domin ado kawai, wannan na malamai ne, kuma tambaya ce mai nauyi. Amma idan wahalar kifin ake aunawa, wannan mai ƙyalli yana iyo yana ci kamar 'yan uwansa, ya fi mai jakunkuna a ido samun sauƙin rayuwa nesa ba kusa ba.

Haɗarin da nake gani ya shafi ruwa ne. A 2022 masu bincike a Barazil suka ba da rahoton cewa irin wannan kifi ya kuɓuce daga gonakin kifi a jihar Minas Gerais, ya shiga ƙoramu yana hayayyafa. Kifin ƙasar zafi ne, wanda hunturun ƙasashen sanyi yake kashewa, mu kuwa ruwanmu da ɗumi yake yawancin shekara. Tsohon kifin zinariya ma bai kuɓuta daga wannan zargi ba, domin a wani kogi a yammacin Ostireliya an kama waɗanda aka saki sun kai kusan kilo 2, suna tumɓuke ciyawar ruwa suna dama laka. A jiharmu masunta da yawa suna cin abinci da tarwaɗa da karfasan madatsun Zobe da Ajiwa da Jibiya da Sabke, kuma baƙon kifi idan ya kama wuri a irin wannan ruwa fitar da shi abu ne mai matuƙar wuya.

Tun 2015 Najeriya take da hukumar da doka ta ɗora wa alhakin ba da izini kafin a shigo da duk wata halitta da aka sauya wa ƙwayoyin gado, sai dai muhawarar da ake yi a ƙasar nan kusan duk a kan wake da masara da auduga take, kifin ado kuma a cikin leda yake tafiya daga hannu zuwa hannu. Ya dace mai saye ya tambayi ɗan kasuwa asalin kifin da girman da zai kai, ya ƙi sayen wanda aka nakasa ko aka rina, kuma idan ya gaji da kiwon ya mayar wa mai sayarwa ko ya ba wani mai akwatin, kada ya juye shi a kwata ko kududdufi, domin da damina ruwan kududdufi yakan haɗe da na rafi ya gangara madatsa.