Filta mai hula ta cinye min kuɗi da dawakai, jiya na dawo da abina

Jama'a jiya bayan la'asar agogo ya nuna min motata Honda Accord ta tashi daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a daƙiƙa 10.9, na tsaya gefen titi ina dariya ni kaɗai kamar wanda ya ci caca. Wata biyu da rabi ina fama da motar nan, bari in ba ku labarin tun da da yawanku kun ga hoton da na sa lokacin da na ɗaura filtar kuna ta sa albarka, to albarkar bata bi ba.

Motar dai ita ce wadda kuka sani, Honda Accord EOD 2004, inji mai lita 2.4 samfurin K24A4, otomatik. A takarda ƙarfin injin doki 160 ne, amma wannan a bakin inji aka auna tana sabuwa fil, kafin ƙarfin ya bi ta giya ya isa taya wani kaso ya zube, ga sama da shekaru ashirin a kanta, ga Katsina tana sama da teku da kamar mita 500 iskarmu bata kai ta Legas kauri ba. Ni ban taɓa hawa dyno ba, wato na'urar auna ƙarfin mota, abin auna nawa waya ce da GPS, daga tsaye zuwa 100, a wani miƙaƙƙen wuri kan hanyar Daura kafin Mashi inda ba gari ba dabbobi. Kafin in taɓa komai tana yin 11.2.

Sai na sayi filta mai hula, wato filtar iskar inji da ba ta cikin akwati, irin jan nan da gajeren bututun alminiyom, dubu 38 da kuɗin mota daga Kano. Mai shagon har rantsuwa ya yi wai doki 20 take ƙarawa. Na haɗa da salansa mai faɗi, ita da walda dubu 65. Muka cire akwatin eya kilina na asali, yaron gareji ya ce in bar masa, na ce ɗauka mana me zan yi da shi. Ku riƙe wannan, zamu dawo kansa.

Ranar farko kam wallahi na ji daɗi. In na taka totur sai ka ji inji yana zuƙar iska yana gurnani, yaran layinmu a Ƙofar Ƙaura har leƙowa suke, ni kuma a raina na ce ai dawakan nan ashirin sun shigo. Na fita awo, 11.9. Na ce ƙarya ne GPS ne. Na sake, 11.8. Na sake na uku har da kashe AC, 11.9 ta dawo. Na biya sama da dubu ɗari na sayo wa motata nauyin jiki.

Farko na zargi salansa, don kowa cewa yake in bututu yayi faɗi da yawa jan ƙasa-ƙasa yana raguwa, kuma akwai gaskiya a ciki, faɗin ya wuce kima iskar da ke fita tana rage sauri. Na mayar da tsohuwar na kwana biyu, bambancin bai kai a faɗa ba. Na zargi mai, na canza gidan mai. Na zargi giya har na zuba sabon man giya, ATF, da bata buƙata. Wani kuma ya ce in fasa indomi, abin nan da ke tace hayaƙi a bututun salansa, in zubar, wai ita ke shaƙe motar. Ban yi ba kuma bazan yi ba, indomin da bata toshe ba ba wani ƙarfin kirki take ci ba, abin da zaka samu wari ne da wutar cek inji da lambar matsalar indomi P0420 kullum a sikana, su kuma su sayar da ita su ci riba a kanka.

Abin da ya buɗe min ido ɗan sikanan nan ne ELM327 na dubu 12 da ake haɗawa da waya. Na kunna manhajar Torque na sa zafin iskar da ke shiga inji a gaba, IAT. Ƙarshen Maris ne, zafin waje digiri 40, na tsaya a danja na minti biyu ina kallo lambar tana hawa, 55, 61, 67. Har na ɗauki hanya ma da ƙyar take sauka 58. Na buɗe bonet na sa hannu kan bututun alminiyom ɗin, sai da na yarfe hannu. Filtar tana zaune bayan lagireto, duk zafin da fanka ta huro ita ke shaƙa. Akwatin Honda kuwa da na raina, daga ƙasa yake jan iska ta cikin bamba, wajen ɗakin inji gaba ɗaya, kuma roba ce bata riƙe zafi kamar ƙarfe.

Ku yi lissafin da kanku, iska mai 67 idan ka gwada da mai 45 ta rasa kauri kusan kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari, ƙarancin iska ƙarancin mai da za a ƙona, ƙarfi ya tafi. Ba a nan ya tsaya ba, biren bos, wato kwamfutar inji, in ya ga iska tayi zafi haka yana ja da taimin, lokacin da fulogi ke ba da wuta, baya don kada inji yayi nokin, wato mai ya riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba, na gani da idona a wayar yana sauka in na danna. Kenan duka biyu nake sha. Ƙarar ce kawai ta ƙaru, kunne kuma maƙaryaci ne, in yaji gurnani sai ya ce maka gudu ake.

Na kai wa Baba makanikena wayar ina masa bayani da zafi-zafi, ya kalle ni ya ce "Alhaji ƙarami, mi kake nema ne, ƙara ko gudu? Tun ran da ka kawo abin nan na so in yi magana na ga ranka na so." Na ce Baba ai da ka faɗa. Ya ce da na faɗa da baka ji ba. Ban da amsa.

Amma taurin kai bai bar ni na cire ta nan take ba, kuɗina na ciki. Muka je wajen mai walda ya yanko falle ya yi mata katanga tsakaninta da inji, muka liƙa robar ƙofa a saman don ta manne da bonet. Zafin ya sauko zuwa 56 a tafe, a tsaye kuwa yana komawa sittin da wani abu, don ƙarfen kansa yana ɗaukar zafi. Awo 11.5. Sai muka ƙara tsawon bututu muka zura filtar can ƙasa cikin bamba inda tsohon rezoneta yake, akwatin nan mai rage ƙarar zuƙar iska. Nan lamba tayi kyau, 47, mota ta farka, 11.1. Na yi murna na sati ɗaya. Ranar da na kwance don in duba kilif, na shafa yatsa cikin bututun ta bayan filta, yatsana ya fito da jar ƙura laushi kamar hoda. Ta BAYAN filta fa, wato abin da ya riga ya wuce zuwa cikin inji. Irin filtar nan ta auduga ramukanta sun fi na takarda faɗi, shi ya sa take shaƙa da sauƙi, a ƙasar da ba ƙura wataƙila ba laifi, mu nan da hunturu ko gaban mota baka gani. Ga kuma damina na tafe, filta a ƙasa kusa da taya, ka shiga ruwan da ke taruwa a titi cikin Agusta inji ya zuƙi ruwa kon rod, ƙarfen da ke riƙe fistin, ya lanƙwashe, shikenan sai neman wani injin. A daren ban yi barcin kirki ba ina tunanin ringin fistin.

To ku tuna akwatin da na bayar kyauta. Yaron ya riga ya sayar. Na aika Ƙofar Ruwa a Kano aka nemo min na Beljiyam, dubu 27, abin da na ce "ɗauka mana". Wannan ta fi duk sauran yi min ciwo. Muka mayar da shi da sabuwar filtar takarda, rezoneta dama ya fashe sai muka sa tiyo mai inci 3 daga bamba zuwa akwatin, bakinsa na kallon gefe ba ƙasa ba saboda ruwa. Tunda an kwance na wanke totur bodi, ƙofar da iska ke bi ta shiga inji, da ya yi baƙi ƙirin, na sa fulogi iridiyom na NGK guda huɗu, tsofaffin da muka ciro bakinsu ya cinye har ban san yadda take tashi ba. IAT yanzu 45 zuwa 46 a tafe da rana tsaka. Shi ne 10.9 ɗin jiya, sau uku na maimaita, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, rabin tanki, ni kaɗai a ciki. Kuma ina zargin fulogi da wankin totur ne suka kawo mafi yawan wannan 0.3 ɗin, wato dawakan da suka ɓata ne suka dawo gida, sababbi in akwai basu wuce biyu ko uku ba.

Abin da ke ci min rai yanzu shi ne injin K24A2 na motar Acura TSX, shi ma 2.4 ne amma doki 200, kuma bambancin daga kan silinda ne da kam mai buɗe bawul da matsin cikin silinda 10.5 maimakon namu 9.7 da biren bos ɗinsa, ba wani jan abu da ake ɗaurawa da kilif ba. Na so in fara da manifol ɗinsa kawai, bututun da ke raba iska ga silindoji, sai na ga ba tare da an taɓa biren bos ba zan iya sake maimaita wannan wahalar, ga otomatik ɗina da bata son wasa. Ban yanke ba tukuna. Salansar na bar ta don ina son muryarta, duk da Hajiya ta ce tun daga bakin layi take sanin na dawo. Filtar mai hula tana nan cikin but, wanda yake so ya zo ya ɗauka dubu 15, amma na faɗa masa gaskiya tun yanzu.