Tagar banɗaki: abin da nake faɗa wa masu sabon gini a Gombe

Sana'ata haɗa tagogi da ƙofofin alminiyam da yankan gilashi. Ina da ɗan shago a cikin garin Gombe, ni da yaran da ke koyon aiki a hannuna. Tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1996 gini bai tsaya ba, kuma yawancin aikinmu yanzu a sababbin unguwanni yake, wajen Tumfure, da bayan Pantami, da hanyar Dukku.

Duk gidan da muka je awo, mai gida yakan daɗe a kan tagogin falo. A zaɓi launin alminiyam, a sauya, a sake zaɓa. Da an zo banɗaki sai ka ji ya ce, "Malam, sa ko wanne, ai ƙarama ce." To wannan ƙaramar ita aka fi kirana a kanta bayan an tare.

A gidajen iyayenmu banɗaki yana can ƙuryar gida, babu rufi, katanga ce suturarsa, rana da iska ke busar da shi. Yanzu kowane ɗaki da nasa a ciki. Fili kuma ƙafa hamsin da ɗari ne, wani ma rabin haka, an cika shi da gini har kusa da katanga. Sai ka tarar tagar banɗaki tana kallon lungu, ko tagar kicin ɗin maƙwabci, ko wani fili da yau babu komai a kansa amma baɗi bene ne zai tashi. Maganar sutura a wurinmu ba ƙarama ba ce, addini ne kuma mutunci ne, shi ya sa ba na yarda a yi gaggawa a nan.

Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne gilashi mai madubi, wannan shuɗi ko ruwan toka da ake yayi. Ka tsaya a waje da rana, fuskarka kawai za ka gani. Mai gida ya ji daɗi, ya ce a sa shi a duk gidan har banɗaki. Abin da ba a lura ba, wannan gilashin ba shi da ɓangaren da yake rufewa dindindin. Duk inda haske ya fi yawa, nan ne yake zama madubi. Da rana hasken yana waje, sai na waje ya ga kansa. Bayan magariba, idan aka kunna fitila a ciki, abin ya juye: mai wanka yana ganin kansa a gilashi, hankalinsa kwance, wanda ke tsaye a duhun waje kuwa yana ganin komai tar. Da can a ce babu wuta, yanzu gidaje da yawa sun sa sola, fitilar banɗaki a kunne take kwana. Baƙin gilashi ma haka yake, duhunsa na rana ne kawai. Idan mutum ya nace, nakan ce, "Alhaji, bari yara su kawo guntu bayan isha, mu kunna fitila a bayansa, ka tsaya a waje ka duba da idonka." Ban taɓa ganin wanda ya yi wannan gwaji ya ci gaba da nacewa ba.

Gilashin da ya dace da banɗaki iri biyu ne a kasuwarmu. Akwai mai hazo, wanda aka goge fuskarsa ɗaya da feshin yashi ko da sinadari har ta yi fari dishi-dishi. Akwai kuma mai zane, wanda aka matse masa tsari tun yana narke a kamfani, wani kamar ɗigon ruwa, wani ganye, wani layi-layi. Dukansu suna barin haske ya shiga, suna wargaza siffar abin da ke bayansu, dare da rana. Sai dai ba duk mai zane ne yake rufewa ba. Wani zanen ado ne kawai, akwai fili tsakanin furannin. Gwajin da nake koya wa yarana mai sauƙi ne: ka ɗora tafin hannunka a bayan gilashin, sannan ka ja da shi baya a hankali. Idan ka nisanta kamar tsawon kamu ɗaya amma har yanzu ana ƙirga yatsunka, wannan ba na banɗaki ba ne.

Wane gefe zai kalli ciki? Ni mai santsin nake juyawa ciki. Mai hazon da aka yi da feshin yashi, idan ruwa ya jiƙa gefensa mai kaushi, ruwan yakan cike ƙananan ramukan, sai ya ɗan washe a fara gani. Ga kumfar sabulu da farin tabon ruwan burtsatse, duk a kaushin suke maƙalewa. Gefen waje zai sha ƙurar hunturu, gaskiya ne, amma ita da ɗan buroshi da ruwa ta fita.

Duk da haka, gilashi rabin aiki ne. Sauran rabin a hannun birkila yake, kuma sau da yawa sai an gama filasta ake kiranmu. Tagar banɗakin da aka saba bari ƙafa biyu da biyu ce, a ƙarƙashin linta, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofa da taga. Idan lintar tana wajen ƙafa bakwai, ƙasan tagar ya tsaya a ƙafa biyar ke nan. Kafin a yi ciko a sa tayil, daɓen ya ƙara tasowa. Dogon mutum yana tsayawa kai da kafaɗa duk a taga. Na fi son mai faɗi gajeriya, kamar ƙafa uku a kwance da ƙafa ɗaya da rabi a tsaye, a ɗaga ta sama yadda ƙasanta zai wuce kan mutum. Haske da iskar ba su ragu ba. A kuma fita a dubi ƙasar waje, domin Gombe ba shimfiɗe take ba, akwai tudu da gangare. Tagar da take sama a wurinka, ga wanda gidansa ke kan tudu daidai idonsa take.

Akwai maganar da ba tawa ba ce, ta mai wayarin ce, amma ba na yin shiru a kanta. Idan aka sa ƙwan fitila a bangon da ke fuskantar taga, mai wanka yana shiga tsakaninsu inuwarsa ta faɗa kan gilashi, duk kyan hazonsa. A sa fitilar a bangon tagar, ko a sama kusa da ita. Shawa ma kada a manna ta da taga, don gwargwadon kusancin jiki da gilashi, gwargwadon fitar siffarsa.

Sai yadda tagar za ta buɗe, tunda a zafin Maris da Afrilu babu mai barinta a rufe. Mai zamewa gefe, da ka ture ta rabin ramin ya zama fili, gilashin da ka kashe wa kuɗi ya koma gefe bai tare komai ba. Wadda nake ba da shawara ita ce mai maƙale a sama, a tura ƙasanta waje. Ko a buɗe take gilashin na nan a gaba, ya tare idon na bene, ya tare ruwan damina, na ƙasa kuma silin kaɗai yake hange. Luba, wato taga mai ɓallayen gilashi a jere, ta fi kowace ba da iska, kuma da araha, har yau ina sa ta ga wanda ya so, da sharaɗin ya san ƙura za ta shiga da hunturu, kuma ɓallayenta ana iya zare su daga waje idan babu ƙarfen tsaro. Ragar sauro kuwa babu zaɓi a kanta, wurin danshi ne.

Kaurin milimita 4 ya ishi ƙaramar taga, ni dai na fi natsuwa da 5. Masu son shingen gilashi a wurin shawa, wannan wani aiki ne daban. Dole ya zama gasasshen gilashi na milimita 8 ko 10, wanda idan ya fashe yake marmashewa ƙanana maimakon ya tsage da kaifi. Ba a yanka shi ko huda shi bayan an gasa, don haka sai an gama tayil muke awo, mu aika a yi shi daidai. Wanda ya ce zai yanka maka shi a shago, ba gasasshe ba ne.

Wanda ya riga ya sa farin gilashi ba sai ya fasa ba. Akwai sitika mai hazo da ake mannawa, tana rufewa sosai, illarta tururi da zafi sukan ɗaga bakinta a hankali, sai an sabunta. Labule a banɗaki ba na so, yana riƙe danshi ya yi baƙi ya yi wari. Fenti kuma ya kashe hasken gaba ɗaya, daga baya ya riƙa ɓarewa. Bulon gilashi yana da kyau ƙwarai, yana wargaza siffar abin da ke bayansa, amma ba ya buɗewa, sai an bar masa wata kafar iska ko an sa fankar da ke zuƙe tururi.

Kuɗi ba na faɗa a rubuce, domin kayan daga nesa suke zuwa kuma farashinsu na tafiya da dala. Abin da zan iya cewa, bambancin farin gilashi da mai zane a taga ƙarama irin wannan bai kai abin da za a kashe a sake kiranmu mu cire mu sauya ba.

Kafin mu yanka komai nakan roƙi mai gida abu ɗaya: "Alhaji, a tambayi Hajiya." Ita ce take wuni a gidan, ita ta san ta inda ake wucewa, ta san tagar da yaran maƙwabta ke taruwa a ƙarƙashinta. Idan gini bai kai linta ba kuwa, a kira ni mu tsaya tare da birkila, mu sa tef mu yi alama a jikin bulo. Wannan zuwan ba na karɓar ko kwabo a kansa.