Ta ƙasa karnukan suka shigo

Kaji 26 nake da su a wancan hunturun, ban da 'yan tsaki, kuma safiya ɗaya ta raba ni da 11. Har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne an gaya mini tun kafin abin ya faru.

Gidanmu a bayan garin Funtua yake, sabuwar unguwa mai kangwaye da filayen da ba a gina ba. Katangar gaba da ta gefe bulo ce, amma ta baya kuɗi ya ƙare kafin a kai gare ta, sai aka yi dangar kara. Shekara biyu kajina suna yawonsu, su fita da safe su dawo da magariba. Da maƙwabciyata ta fara kawo ƙorafin suna tone mata shanya, ga kuma guda biyu sun ɓace, sai na yanke shawarar killace su. Na sayo wayar nan siririya mai ƙananan idanu da kowa ke kira wayar kaji, kafinta ya kafa katako ya zagaye bayan gidan. Duk hankalina yana sama. Na ce a ɗaga ta ƙafa 6 don kada kare ya tsallako, na kuma bi kajin ɗaya bayan ɗaya na datse gashin fiffike guda don kada su tashi su fice.

Ranar da aka gama kawuna ya zo gaishe mu. Ya zagaya, ya sa ƙafa ya taɓa gindin wayar, ta ɗaga. Ya ce, "'Yar nan, wannan ai a kan ƙasa kawai take zaune. Ki sa a binne ta, kare ba tsalle yake fara yi ba, tono yake yi." Na ce, "To Kawu, in Allah ya yarda ƙarshen wata." Na jera 'yan duwatsu a gindin na bar shi haka. Mako uku aka yi.

Na buɗe akurki bayan sallar asuba kamar kullum, sanyi ya sa na koma ɗaki. Kukan da na ji daga baya ban taɓa jin kaza ta yi irinsa ba. Ko da na fito, karnuka biyu ne a cikin shingen, irin dogayen nan na mafarauta, gashi yana ta tashi. Sun tona rami ne daidai bakin rariya, inda ruwan wanke-wanke ya tausasa ƙasa, suka ture duwatsun, suka kutso. Na ɗauki taɓarya na yi ihu, Malam ya fito, suka fice ta inda suka shigo.

Kare ba don yunwa yake wannan ɓarnar ba. Yakan cafki kaza ya girgiza ta ya yar, ya bi wadda ke gudu. Ko ɗaya ba su ci ba. Tara mun tarar sun riga sun zama mushe, sai binnewa. Biyu da sauran rai sosai a jikinsu, Malam ya yi maza ya yanka. Cikin matattun har da uwar da ke kwanci, kwana 17 a kan ƙwai, saura 4 ta ƙyanƙyashe. Kajin nan kuwa na yi musu rigakafin Lasota a kan lokaci, sun tsallake cutar da ke share kajin unguwa duk hunturu, ina ta murna.

Da na zauna na yi tunani sai na gane ni na taya karnukan aiki. Lokacin da kajin ke sake, in suka hango kare sai su watse, wasu su haye katanga, wasu su ɗare bishiyar dogon yaro. Ni na tara su wuri ɗaya, na rufe musu hanya, na kuma yanke musu fiffike. Shingen da bai hana kare shiga ba ya fi rashin shinge haɗari. Wayar kaji kuwa kaji kawai take tsarewa. Na ga inda ɗaya daga cikin karnukan ya ja ta da haƙori ta buɗe kamar tsohon buhu.

Duk wanda irin wannan ta same shi, ya kama kowace kaza da ta tsira ya buɗe gashinta ya duba. Akwai wata ja da na ɗauka lafiyarta ƙalau, sai bayan kwana biyu na ji wari, na ɗaga fiffike na ga huda biyu masu zurfi. Na wanke da ruwan ɗumi da gishiri, na shafa aidin, na ajiye ta cikin kwando a ɗaki don kada ƙuda ya zuba mata tsutsa. Ta tashi. Sauran kuma tsoro ya hana su saka ƙwai kusan mako uku.

Mutane da yawa sun ce in sa guba a nama in ajiye. Zuciyata ta so, ba zan ɓoye ba, amma unguwa ce mai yara da awaki da kyanwowi, kuma guba ba ta san wanda aka ajiye wa ita ba. Malam ya je wurin mai unguwa, aka kira mai karnukan, wani matashi mai zuwa farauta. Ya ce, "Malam, a yi haƙuri, kwancewa suka yi da dare." Kuɗin kaza biyu ya kawo. Na karɓa don a zauna lafiya, amma raina bai daina sosuwa ba.

Gyaran da muka yi shi ne wanda Kawu ya faɗa tun farko. Na sayo waya mai kauri wadda aka yi wa walda a mahaɗa, aka ɗaura ta daga ƙasa zuwa ƙugu. Ƙasanta aka lanƙwasa zuwa waje, aka shimfiɗa kusan ƙafa 2 a kwance, aka bi da fasassun bulo da ƙasa. Dabarar ita ce kare a gindin shinge yake tono. In ya ci karo da ƙarfe ba ya tunanin ja da baya ya faro daga nesa. Mai walda ya gitta rodi a bakin rariya, aka zuba siminti a ƙarƙashin ƙofa. Na daina datse fiffike gaba ɗaya. Na rufe saman da raga, wadda ta raba ni da shaho ma, na kuma kafa musu sanduna a sama inda za su haye in an firgita su.

Ban hana su yawo ba, don kazar gida in ba ta yi tono ta ci ƙwari da ciyawa ba, ramewa take yi, kuɗin dusa kuma ya ƙaru. Bayan la'asar nake sakinsu, lokacin da nake zaune a waje ina aikin abincin dare. Tsakin masara kuwa sai a cikin shingen nake zubawa dab da magariba. Da na buga ƙwarya suke rugowa, in ƙirga, in rufe. Da asuba ba na buɗe akurki sai gari ya waye sosai mutane sun fara wucewa.

Karen da ya samu nama a wuri zai dawo. Dare uku a jere bayan gyaran muna tarar da sabon tono a bakin rariyar nan. Yanzu kullum da safe, kafin in ɗora ruwan koko, sai na zagaya shingen ta waje ina kallon ƙasa. Makon jiya ma na ga sawun farce, an tone har waya ta fito fili, aka haƙura aka tafi. Na mayar da ƙasar, na ƙara bulo biyu a kai. Kajina sun koma 19, jar nan mai tabo a ƙarƙashin fiffike tana kwanci a kan ƙwai 10.