Abin da Alƙahira ta koya mini a wajen aji

Duk wanda zai tafi karatu jami'ar Azhar da ke Alƙahira, a Masar, nasiha ɗaya ake yi masa a gida: ka riƙe karatu, ka kiyayi abokan banza, kada ka manta abin da ya kai ka. Nasihar tana kan hanya, sai dai da wuya ka ji wanda ya gaya masa cewa rabin karatun nasa a hannun mutane yake. Jadawalin lacca ba zai nuna maka wane shehi ne ke karantar da nahawu bayan azahar a cikin masallaci kyauta ba, ko wane shago ne a lungun da ke bayan masallacin ke sayar da littafin da aka wajabta da rahusa, ko ƙarfe nawa ake sammako a kama layin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Duk daga bakin wani za ka ji, kuma sai wanda ya saba da kai ne zai tsaya ya gaya maka.

Mutanen farko da ke karɓar baƙo 'yan gida ne. Wanda ya sami gurbi a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya, ya huta da kuɗin haya da na abinci. Sauran kuma mafi yawansu Hayyul Ashir suke nufa, a Madinatu Nasr, a haɗu mutum biyar ko shida a kama gida ɗaya. Wannan karɓar baƙo ba yau aka fara ta ba. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka tanadi masauki a Alƙahira domin ɗalibai da alhazan ƙasarsu, daga baya kuma aka ware wa mutanen Borno riwaƙinsu, wato sashensu na zama da karatu, a cikin masallacin Azhar, kamar yadda aka ware wa Turkawa da mutanen Sham da na Magrib. Ke nan tsarin 'yan kowace ƙasa su zauna wuri ɗaya ya girmi jami'ar zamani, wadda sai a 1961 aka ƙara mata kwalejojin likitanci da injiniyanci.

A wannan zaman na fara sanin faɗin Hausa. A gidanmu akwai ɗan Damagaram da ke cusa kalmomin Faransanci cikin zance bai ma san yana yi ba, akwai ɗan zangon Kumasi da ba ruwansa da bambanta "ya" da "ta", yana cewa mahaifiyarsa "ya kira", mu yi ta dariya, shi kuma yana yi wa karin harshenmu dariya. Wani ɗan Sudan da ke zuwa mana cin tuwo ranar Juma'a ya ce kakanninsa daga Sakkwato suka tashi bayan yaƙin Burmi a 1903, suka zauna a Mai Wurno bakin kogin Nilu, kuma wasu kalmomin da yake faɗa ni a bakin kakata kawai na taɓa jin su. Tuwon semolina ne, miyar kuma gwargwadon abin da matafiyi na ƙarshe ya kawo: kuka, daddawa, yaji. In kaya sun ƙare ba a rasa mafita, domin kasuwar Masar cike take da abubuwanmu da wasu sunaye. Mulukiyyar da Misirawa ke alfahari da ita lalo ce, bamiya kuɓewa ce, karkade zoborodo ne, kuma da azumi har ruwan goruba da na tsamiya ake sayarwa a bakin titi.

Wani abin da tukunyar nan take yi, wanda ban ga an iya yin sa a gida ba, shi ne zaunar da ɗan Izala da ɗan ɗariƙa a kan tabarma ɗaya. Ba cewa nake ana daina musu ba, ana yi, har makwabta su buga bango. Amma wanda kuka gama musu da shi shi ne mai girkin gobe, kuma shi zai ranta maka kuɗin mota. Ga shi kuma a aji ana karantar da mazhabobi huɗu, a sahu ɗaya kana ganin mai sakin hannu da mai ɗorawa, Bashafi'e na yin ƙunuti da asuba bayan ruku'u, Bahanife bai yi ba, ba wanda ya juyo ya kalli wani. Mutum ba ya sauya ra'ayinsa don wannan, amma zafin kansa yana raguwa.

Sai dai inuwar 'yan gida tana da daɗin da ke cutarwa. Na san waɗanda suka gama digiri, wasu har da na biyu, ba su taɓa shiga gidan Bamisire ba, ba su da lambar wayar ko mutum ɗaya da ba Bahaushe ba. Daga ɗaki sai bas ɗin Darrasa, unguwar da Azhar take, daga Darrasa sai ɗaki, labarin siyasar Kano da Katsina ya fi na unguwar da suke kwana zama sabo a bakinsu. Suna cin jarrabawa, ba a ce ba. Amma in famfo ya fashe ko mai gida ya ƙara haya, sai an nemo musu mai magana.

Tushen matsalar harshe ne. Larabcin da muka taho da shi daga makarantun Islamiyya da zaurukan malamai na littafi ne, kuma ba da shi ake sayen tumatir ba. Ka tsaya gaban mai kayan miya ka jero masa jimla da i'irabinta cikakke, zai saurare ka da murmushi, wani ma ya ce "sadaƙallahul azim" don tsokana. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne malaman jami'a da kansu sukan karanta nassi da fusha, wato Larabcin littafi, in an zo bayani su koma ammiyya, Larabcin titi na Misirawa, kuma a bayanin ne ake faɗin abin da zai fito a jarrabawa. Wasu ɗalibanmu suna ƙin koyon ammiyya wai za ta ɓata musu harshe. Ni ban ga wanda ta ɓata wa ba. Waɗanda na ga sun fi kowa iya fusha su ne waɗanda bakinsu ya saki a kan titi, domin sun daina tsoron kuskure.

Malamaina na ammiyya biyu ne, kuma ba wanda ya san yana koyar da ni. Na farko bawwab ɗin gidanmu, wato mai gadin ƙofa, mutumin Sa'id daga kudancin ƙasar, da jallabiyya da rawani. Bawwab a Alƙahira ya wuce mai gadi. Shi ya san wanda ya shiga da wanda ya fita, shi ke kiran mai gyaran wuta, shi ke kawo tukunyar gas, kuma ra'ayinsa a kanka shi ne ra'ayin mai gida. Ɗalibin da ke wuce shi ba gaisuwa zai sha mamakin yadda komai nasa ke jinkiri. Mu da aka rene mu da doguwar gaisuwa, a nan muke da riba: in tambaye shi gida da yara da mutanen ƙauye, ya zuba mini shayi mai baƙi da zaƙi, ya gyara mini magana yana dariya. Na biyu mai keken ful, wato dafaffen wake, da ke bakin layi da safe. A gabansa ma'aikaci da direba da ɗalibi duk a tsaye ake ci, ana zancen farashi da ƙwallo, kuma duk wanda ya saba tsayawa wurin an san da zamansa a unguwa.

Halin mutanen ma sai an karanta. Bamisire yana magana da ƙarfi, yana kaɗa hannu, direban ƙaramar bas da fasinja su yi ta ihu har ka ce yanzu za a zub da jini, sai wani dattijo ya ce a yi wa Annabi salati, kowa ya yi, magana ta mutu. Bahaushe kuwa da kunya da kara aka san shi, in an cuce shi sai ya yi shiru ya bar wa Allah, shirun nan kuma a can ana ɗaukarsa yarda ce. Dole mutum ya koyi cewa "a'a" a fili, ya koyi tambayar farashi kafin ya hau, ya koyi neman canjinsa ba tare da jin ya zubar da mutunci ba. Haka gayyata: mai shago zai ce ka bar kuɗin, mai cin abinci zai ce ka matso, kamar dai bisimillar da muke yi wa mai wucewa, godiya ake so ka yi ka biya kuɗinka. Gayyatar gaske ana maimaita ta, a sa mata rana. In ta zo kuwa ka je da yunwa, domin uwar gida ba za ta yarda ka ƙoshi ba sai ta ga ka kasa motsi.

Akwai abin da ba shi da daɗin faɗa, amma ɓoye shi ga mai shirin tafiya zalunci ne. Baƙar fata yana jin kalamai a titi. Yara su bi ka suna kiran launin jikinka, wani babba ya yi maka ba'ar da shi a ganinsa wasa ne. 'Yan'uwanmu mata sun fi shan wannan, shi ya sa da yawansu ba sa shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa sai a taragon mata. Na ga ɗaliban da wannan ya sa suka rufe ƙofa gaba ɗaya, suka yanke wa ƙasa mai mutum sama da miliyan 100 hukunci ɗaya. Ban ga laifinsu a jin zafi ba. Amma a titin da yaro ya yi maka ihu, a nan tsohuwa za ta tsaya ta zage shi tas saboda kai, a nan kuma mai kantin magani zai ce ka tafi da maganin ka kawo kuɗin in an turo maka. Dukansu Masar ne.

Ƙwallo ta buɗe mini ƙofofin da ilimi bai buɗe ba, ko da yake wasu abokaina suna ganin zama a shagon gahawa kallon wasa ba girman ɗalibin shari'a ba ne. Da ka ce daga Nijeriya kake, tsofaffin magoya bayan Zamalek za su ambaci Emmanuel Amuneke, na Ahli kuma Junior Ajayi. A gasar kofin Afirka ta 2019, bayan Afirka ta Kudu ta fitar da Masar, mu kuma muka fitar da Afirka ta Kudu a filin wasa na Alƙahira, kwana biyu ana yi mana barka a unguwa kamar mu muka buga.

Kuɗi kuma shi ke gwada zumunci. A Nuwamba 2016 gwamnati ta saki darajar fam, kuɗin Masar, dalar da ke ƙasa da fam 9 a banki ta kai wajen 18 kafin shekara ta ƙare, kuma a shekarar naira ma ta faɗi. Gida ɗaya sai ya rabu biyu: wanda ake turo wa dala ya sami sauƙi, wanda ke dogaro da ɗan tallafin wata-wata ya koma ful safe da dare. Abin da ya riƙe gidanmu shi ne littafi. Kowa ya zuba nasa na abinci a farkon wata, a rubuta, wanda bai samu ba a rubuta masa bashi a gaban kowa, ba a ɓoye ba. Da farko wasu sun ga rubutun kamar rashin yarda ne. Gidajen da suka ce su 'yan'uwa ne ba sa lissafi, su ne suka watse da gaba.

Wannan tsari a wurin 'yan Indonesiya da Malesiya muka gani. Suna cikin ɗaliban waje mafiya yawa, kuma ba wanda ya kai su shiri: kowane yanki da ƙungiyarsa da gidan taronsa, manya na yi wa ƙanana bita, ana taƙaita darussa a buga a raba kafin jarrabawa. Ba su da hayaniya, za ka zauna kusa da ɗaya shekara guda bai wuce sallama ba. Amma in ka fara, ka tambaye shi wata mas'ala ko ka kai masa kilishi, sai ka ga an saka ka a zauren bitarsu. Bambancin da ke tsakanin maƙbul, wato cin jarrabawa da ƙyar, da jayyid jiddan, sakamako mai kyau ƙwarai, sau da yawa irin wannan zaman ne, domin jarrabawar ta rubutu ce mai tsawo, kuma sanin yadda kowane malami ke son amsa gado ne da ake miƙawa daga aji zuwa aji.

Da azumi kuwa duk waɗannan da'irori suke haɗuwa. Ana shimfiɗa teburan buɗa-baki a titi, ma'idatur Rahman, kowa ya zo ya zauna ba a tambayarsa daga ina yake, a harabar Azhar ma ana ciyar da ɗaliban waje. A nan ne za ka ga ɗan Zariya da ɗan Tashkent da ɗan dako Bamisire suna miƙa wa juna dabino.

Sabo da mutane yana da nasa haraji, wannan ma ya kamata a sani. Da zarar an gane ka iya da Misirawa, wayarka ba ta ƙara hutawa. Sabon ɗalibi ya sauka da tsakar dare, kai ne. Matar wani na naƙuda ana neman mai yi wa likita bayani, kai ne. Dillali ya riƙe kuɗin ajiya, an kama wani da iƙamar da ta ƙare, ana suna a Hayyul Ashir ana neman mai sayo rago, duk kai ne. Akwai shekarar da mai yi mana irin wannan hidima ya faɗi darussa biyu, kuma waɗanda ya yi wa dawainiyar ne suka fara cewa ai yawo ya yi masa yawa. Daga nan muka raba aikin: asibiti na mutum ɗaya, takardu na wani, filin jirgi na wani, kuma daga wata guda kafin jarrabawa ba a kiran kowa sai in rai ne.